Wakilin da Ya Hau Wurin Mai Ƙasa

Akwai wani mutum, manomi, da yake zaune a wani kwari mai faɗi tsakanin duwatsu. Kwarin da gonakinsa da kogin da ya ratsa shi duk na wani babban mai ƙasa ne, wanda gidansa yake can bisa dutsen da ya fi sauran tsawo. Mai ƙasar yakan naɗa wakili daga cikin mutanen kwari, ya lura da jama'a, ya kula da rumbun gari, ya kuma faɗi inda za a yi shuka da lokacinta. Tun zamanin kakanni ya bar magana guda, cewa duk ran da wakili ya rasa abin yi, ya hawo, ƙofa a buɗe take.

Da tsohon wakili ya rasu, sai saƙo ya sauko daga dutse cewa wannan manomi ne zai gaje shi. Ba wanda ya yi gunaguni, gama mutumin ya san noma. In ya damƙi ƙasa ya murza a tafin hannunsa, ya san abin da za ta karɓa. Shi ma a ransa yana ganin aikin ba zai fi ƙarfinsa ba.

Amma a shekarar da ya kama aiki aka yi fari mai tsanani. Gero ya ƙone a tudu tun bai kai gwiwa ba. Rijiyoyi suka ƙafe, kogi ya zama yashi. Ɗan abin da aka girba, a fadama aka same shi, can bakin kogi inda ƙasa ta riƙe laima. Saboda ƙishi, gidaje da yawa suka sauko daga tudu suka kafa bukkoki a bakin kogin, domin a nan ne kaɗai in an tona yashi ake samun ɗan ruwa. Aka ci abin da yake cikin rumbuna, aka ci ganyaye, har bazara ta yi. Abin da ya rage shi ne irin da yake cikin rumbun gari, shi ma bai fi na shuka ɗaya ba.

Ran nan aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Jama'a suka taru a gindin tsamiya, suka kuwa rabu biyu.

Akwai wani dattijo a cikinsu, ana ce da shi Baba Jatau, mutum mai faɗa a ji, wanda ya binne jikansa guda a cikin yunwar nan. Shi ya ce a kai irin duka fadama. Ya ce kowa ya ga abin da tudu ya yi musu bara, ga shi kuma gawo bai ko fara zubar da ganye ba, alamar damina mai rowa ke nan. Waɗansu dattawa suka ce a'a, shamuwa ta dawo da wuri, tururuwa na ta kwashe ƙwayayenta zuwa bisa, damina mai ƙarfi ce take tafe, in an shuka a fadama ruwa zai cinye. Kowane ɓangare yana da hujja, kowane kuma yunwa ce take magana a bakinsa.

Wakilin ya saurari kowa. Ya yi tunanin raba irin biyu, sai ya ga rabin girbi ba zai kai su baɗi ba. Ya zaga tudu ya murza ƙasa, ya zaga fadama ya murza, ya dubi sama har wuyansa ya gaji. Duk sanin da yake taƙama da shi ya tsaya cik.

Matarsa, Rifkatu, ta same shi da rana zaune a gindin rumbu, ya ɗebi gero a hannu yana ta kallonsa. Ta ajiye masa ɗan kunu, ta zauna.

Ta ce, "Maigida, ka tambayi kowa a kwarin nan. Saura mutum ɗaya."

Ya gane nufinta. Ya ce mata kunya ce ta hana shi. Mai ƙasa ya zaɓe shi ne don ya ga ya san noma, yanzu kuma ya tafi ya ce bai san inda zai zuba iri ba?

Ta ce, "Ai shi ne ya ce a hau in an rasa abin yi. Da ya san wakilinsa ba zai taɓa rasawa ba, da bai faɗa ba."

Kashegari da sassafe ya gaya wa jama'a kada a taɓa rumbu sai ya dawo, ya ɗauki sandarsa ya nufi dutse. Mutane ba su ji daɗi ba. Baba Jatau ya ce laima tana gudu daga ƙasa, shugaba kuwa ya tafi hawan dutse. Waɗansu ma suka ce gudu ya yi.

Hanyar ta daɗe ba a bi ta ba, gama tsohon wakili ya bar hawa tun da ya ga ya ƙware. Ƙaya ta rufe ta, ta yayyage masa riga da hannu. Yana hawa yana shirya jawabin da zai yi, yadda zai nuna cewa laifin ba nasa ba ne, na fari ne da taurin kan mutane. Amma da hanya ta yi tsawo, numfashinsa ya yi sama, jawabin ya riƙa zubewa kaɗan kaɗan. Sa'ad da ya kai bisa, ba abin da ya saura a bakinsa.

Wurin shiru ne, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ya ga ƙofa a buɗe, ba mai tsaro. Bai riga ya yi sallama ba, sai ya ji an kira shi da sunansa, sunan yanka da ba mai kiransa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Mai ƙasar da kansa ya fito, da ƙwaryar ruwa a hannu. Wakilin ya fāɗi rubda ciki. Mai ƙasar ya ɗaga shi, ya ce ya sha tukuna.

Da ya sha, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni jama'a, ga shi ban san abin da zan yi da su ba."

Ya jira tsawa, ko gori. Ba ko ɗaya. Mai ƙasar ya ce ya daɗe yana duban hanyar nan ko zai gan shi tafe. Sa'an nan ya kama hannunsa, ya kai shi bakin dutse, ya ce ya duba.

Wakilin ya duba ƙasa. Kwarin nan da yake gani kamar shi ne duniya duka, ga shi a shimfiɗe bai fi faifai ba. Gidaje kamar an watsa tsaba. Tsamiyar da suke ta gardama a gindinta, da ƙyar ya gane ta. Sai mai ƙasar ya juya shi wajen gabas. Ya ga duwatsu bayan duwatsu, da dazuzzuka, da tafkuna suna ƙyalli, da ƙasashen da ba wanda ya taɓa ba shi labarinsu, ya kuwa gane dukansu na wanda yake riƙe da hannunsa ne. Can a ƙarshen abin da ido yake iya kaiwa, hadari ya tsaya baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. Walƙiya tana ta wasa a cikinsa, amma saboda nisa ko ƙarar tsawa ba ta isowa. A ƙarƙashin hadarin ƙoramu sun yi fari fat kamar zaren auduga, suna gangarowa, suna haɗuwa, suna kumbura. Mai ƙasar ya miƙa yatsa ya bi su, daga wancan dutse zuwa wancan kwazazzabo, daga can zuwa can, har yatsan ya zo ya tsaya a kan busasshen kogin kwarinsu.

Wakilin ya juyo ya dubi mai ƙasar.

Mai ƙasar ya ce, "Ruwan nan yana hanya. Sama za ta kasance garau a kanku, amma kogi zai cika ya tumbatsa. Ka shuka a tudu, ruwan sama yana biye. Yanzu sake dubawa."

Ya sake dubawa, sai idonsa ya fāɗa kan bukkokin da suke jere a bakin kogi.

Mai ƙasar ya ce, "Kai ka hawo da maganar iri. Ni tun da ruwan nan ya fara zuba, waɗannan nake dubawa."

Ya shiga kiran sunayensu, bukka bayan bukka. Ya ambaci Gwaggo Tabawa, gwauruwar da ƙafarta ta shanye. Ya ambaci jikokin Baba Jatau, ya ambaci matar da take da tsohon ciki, ya san wanda yake kwance ba lafiya. Hawaye suka zubo wa wakilin. Shi da yake zaune tare da su kullum, iri ya cika masa zuciya har bai tuna inda suke kwana ba.

Ya roƙa a ba shi wata alama da zai nuna, don ya san jama'a ba za su yarda ba. Mai ƙasar bai ba shi kome a hannu ba. Ya dai ce ya faɗa musu abin da ya gani, kada ya ƙara, kada ya rage. Ya yi musu magana a hankali, gama yunwa ce ta tsorata su. Wanda kuma ya yi masa gardama, kada ya kunyata shi.

Sa'ad da ya sauko, rana tana ƙuna, ba ko ɗigon gajimare. Ya tara jama'a ya faɗa musu. Waɗansu suka yi dariya. Baba Jatau ya taka zuwa tsakiyar kogi, ya ɗebo yashi cike da hannu, ya dawo ya zubar da shi a gabansa a hankali.

Ya ce, "Ga ruwanka nan, Wakili."

Zuciyar wakilin ta taso, amma ya danne ta. Ya tsuguna gaban dattijon yadda ƙarami yake yi wa babba, ya ce, "Baba, ni ma da ban hau ba, abin da zan faɗa ke nan."

Baba Jatau ya ce shi dai a ba shi rabon gidansa, zai kai fadama. Bisa ga al'adar kwarin kowane gida yana da hakkin rabonsa, don haka wakilin ya auna ya ba shi, bai ƙara masa magana a kai ba. Abu ɗaya ya roƙa.

Ya ce, "Gonar taka ce, Baba. Amma ka ba ni aron jikokinka su kwana a tudu, kai ma ka riƙa hawowa in ka tashi aiki."

Dattijon ya yi tsaki, amma ya yarda. Da sauran suka ga haka, su ma suka fara kwashe kaya. Wakilin ya bi bukkokin ɗaya ɗaya yana lallashi. Gwaggo Tabawa ta ce ba inda za ta, ta gaji da ƙaura. Ya durƙusa ya goya ta a bayansa, tana ta yi masa faɗa har suka kai tudu, wai ya raba ta da ramin ruwanta.

Aka ɗauki sungumi aka shuka irin a tudu. Sai sama ta yi shiru. Gonar Baba Jatau a fadama ta tsiro kore shar, ta tudu kuwa da ƙyar ta leƙo. Mata suna sauka ɗiban ruwa da nisa, suna dawowa suna gunaguni. Mutane suka daina gaishe da wakilin da fara'a. Shi kansa yakan tsaya ya dubi sama, gabansa ya fāɗi. Amma abin da ya gani a bisa dutse bai bar idonsa ba, sai ya ci gaba da hana kowa komawa bakin kogi da zama.

Wata rana da hantsi, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga itatuwan gabas. Aka ji wata ƙara daga nesa kamar ana daka a turame masu yawa. Wakilin ya san ko mene ne. Ya waiga fadama, ya hangi Baba Jatau sunkuye yana noma, ga shi kunnensa ya yi nauyi. Ya zubar da abin da yake hannunsa ya gangara a guje, ya cafki dattijon a damtse, ya ja shi. Suna kan hawa gangaren ke nan ruwan ya iso, jajawur, ya fi tsayin mutum, yana ɗauke da itatuwa da saiwoyinsu. Ya shafe fadama, ya ɗauke bukkokin nan kamar ɓuntu, ya tafi da fartanyar Baba Jatau.

Jama'a suka tsaya a tudu suna kallo. Rana tana nan tsaye a sama, ba hadari ko kaɗan, ga kuma kogi yana ruri a inda jiya yara suke wasa da yashi. Kowace uwa ta riƙa dafa kan 'ya'yanta tana dubawa. Ba wanda ya ɓace. Dattawa suka tuɓe huluna. Gwaggo Tabawa ta dubi inda bukkarta take dā, ta rufe baki da hannu.

Ba a daɗe ba hadarin ya iso kwarin, ruwa ya sauka a tudu, shuka ta miƙe.

Mutane suka fara yabon wakilin, suna cewa ba a taɓa yin mai hangen nesa kamarsa ba. Ya hana su. Ya ce shi bai san kome ba, nuna masa aka yi. Waɗansu kuma suka ce a bar Baba Jatau ya girbi abin da ya shuka. Wakilin kuwa ya je ya yanki gefen gonarsa da ta riga ta tsiro, ya ce wannan na gidan Baba ne.

Da yamma dattijon ya zo gidan wakilin, ya zauna. Can ya tambaye shi me ya gani a bisa dutsen nan.

Wakilin ya ce, "Baba, bakina ba zai iya faɗa ba. In ƙafarka za ta iya, mu hau tare."

Suka hau tare, suna tafiya suna hutawa. Da suka sauko, jama'a suka kewaye Baba Jatau suna son labari. Mutumin nan da ba ya rasa ta cewa a gindin tsamiya ya tsaya idonsa cike da hawaye. Abin da ya iya faɗa kaɗai shi ne, "Ya san sunana."

Ma'anar wannan misali ita ce: mai ƙasar nan Allah ne, kwarin kuwa jama'arsa ce da ya saya da jinin Almasihu. Wakilin shi ne duk wanda aka ɗora wa kula da waɗansu, ko fasto, ko dattijon ikkilisiya, ko shugabar zumuntar mata, ko mai bi da matasa, ko malamin da yake koyar da yara ran Lahadi, har da uba da uwa a cikin gida. Jama'ar ba tamu ba ce. Riƙo aka ba mu.

Ku lura, wakilin ba jahili ba ne, dattawan da ya tambaya su ma ba wawaye ba ne. Sani abu ne mai kyau, shawarar manya kuma kada mu raina ta. Sai dai dukanmu a cikin kwari muke tsaye, idonmu iyakarsa dutsen da yake gabanmu. Akwai abin da ya riga ya taso yana tafe wanda ba mai ganinsa daga nan ƙasa, kome yawan karatunsa ko furfurarsa. Allah kaɗai yake ganin farkon kogi da ƙarshensa a duba ɗaya.

Abin da ya kusa hana mutumin nan hawa kunya ce, ita ce kuma take hana yawancinmu. Da zarar an ba mutum kujera a gaba, sai ya ga kamar ba shi da izinin cewa bai sani ba. A zaman majalisar ikkilisiya za a yi ta muhawara har rana ta karkata, addu'ar kuwa an yi ta a gurguje tun farko, don dai a ce an buɗe taro. 'Yan'uwa, wannan ba hawan dutse ba ne. Hawan dutse shi ne ka keɓe kanka, ka durƙusa, ka buɗe maganar Allah, ka daɗe a wurin har hujjojin da ka zo da su su zube. Mutane za su iya cewa kana ɓata lokaci. Ƙyale su. Wanda za ka wurinsa ba ya yi wa mai roƙon hikima gori, ya ma daɗe yana jiranka.

Sau da yawa kuma amsar Allah ta fi tambayarmu faɗi. Mu mukan je da maganar gini, ko tsarin taro, ko wa za a ba wane aiki. Shi kuwa sai ya nuna mana gwauruwar da ta daina zuwa sujada ba wanda ya lura, da saurayin da yake gab da fāɗuwa, da gidan da mata da miji suka daina magana. Shugaban da ya fito daga gaban Allah bai ƙara ƙaunar mutanensa ba, ya sake komawa, bai gama dubawa ba.

Ga yadda za ku gane hikimar da ta sauko daga wurinsa. Ba ta ɗaga murya. Ta iya tsugunawa gaban mai gardama, ta iya jira a kwanakin da gonar wani ta fi kyau ana kuma gunaguni. Ran da gaskiya ta fito, ba ta cewa ai na faɗa muku, sai ta gangara a guje ta ceto wanda ya yi mata ba'a. Ba ta karɓar yabon da ba nata ba. Mafi girma duka, ba ta so mutane su tsaya a kanta. Takan kama hannunsu ta kai su su ga Ubangiji da kansu.

Saboda haka, kai da aka ba jama'a, akwai maganar da take jiran hukuncinka a makon nan, ka kuwa san ta. Kafin ka buɗe baki a kanta, shiga ɗaki, ka durƙusa, ka ce, "Ya Ubangiji, mutanen nan naka ne, ni kuwa ban san hanya ba. Nuna mini." Sa'an nan ka yi shiru a gabansa, kada ka yi hanzarin tashi.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.